Sensar hoto ta perovskite mai lanƙwasuwa: tana gani sosai, amma danshi na kashe ta

Masu tambaya ko a sayi irin sensar nan ta perovskite (wani sinadari ne da ke mayar da haske lantarki) don aikin ɗaukar hoto, ga abin da na gani da idona. Wadda na samu ƴar ƙarama ce, fiksel 10 sau 10, an shafa nau'in perovskite da ake kira MAPbI3 a kan robar PET, siririya kamar ledar da ake liƙe satifiket da ita.

Wajen kama haske gaskiya ba ta da wasa. Na yanke siffar harafin H a jikin baƙar takarda na ɗora mata, na rage fitila sosai, amma harafin ya fito a kwamfuta, dishi-dishi dai tunda fiksel 100 ne kacal amma ana gane shi, sannan na naɗe ta a jikin bututu na sake gwadawa karatun kusan bai motsa ba. Wannan ne ya fi burge ni wallahi, don sensar silikon, wadda ke cikin kyamara ta yau da kullum, a miƙe take sanƙarau, shi ya sa kyamara ke buƙatar gilasai da yawa kafin hoto ya daidaita a kanta, alhali wurin da ke kama hoto a cikin idon mutum a lanƙwashe yake. Ita perovskite da zafin digiri 100 ko kusa da haka ake gasa ta, shi ya sa roba ke ɗauka ba ta narke ba. Tana ganin haske mai tsawon zango har wajen nanomita 800, silikon kuwa ya kai 1100, to mai son aikin infrared, wato hasken da ya zarce ja wanda ido ba ya gani, ya sani tun yanzu.

Matsalar ita ce danshi. Gefe ɗaya da ba su rufe da kyau ba ya fara komawa rawaya daga baƙi, wato sinadarin ya ruɓe ya koma PbI2 (haɗin dalma da aidin), fiksel ɗin wurin duk suka daina amsawa, kuma mai sayarwar ko kalma ɗaya bai faɗa a kan wannan ba, abin ya ɓata min rai ƙwarai. Ga kuma karatun da take bayarwa in babu haske da ke ta sauyawa in ka bar ta a kunne, dole ka riƙa sake saiti.

Kar a manta akwai dalma a ciki, guba ce, a sa safar hannu kuma kar a jefa ta cikin shara haka kawai.

Ɗalibi ko mai bincike ya saya, zai ƙaru sosai. Mai neman abin da zai saka a kyamara ta yau da kullum ya haƙura tukuna. In za ka saya ka matsa su gaya maka da me suka rufe ta, kuma ka tanadi gwangwani mai murfi da silika jel mai tsotse danshi kafin ta iso.