Bishiyar bayanai a cikin manhaja: Qt, WPF ko JavaFX, wanne ya kamata ka ɗauka?

Kusan duk manhajar da ake ba matasan Yamai kwangilarta akwai bishiya a cikinta, wato jerin bayanai mai rassa, wani a ƙarƙashin wani. Mai kantin magani yana son ya ga rukuni, a ƙarƙashinsa sunan magani, a ƙarƙashin wannan kuma kowane kwali da ranar da zai lalace. Ƙungiyar da ke rabon takin zamani tana son jiha, gunduma, ƙaramar hukuma, ƙauye: a danna Tawa, sai Madawa da Ƙonni da Illela da Buza su fito, a danna Madawa abin da ke ƙarƙashinta ya biyo. Zana wannan a allo ba shi da wuya. Wuyar tana zuwa ne ranar da wani abu ya canza, an sayar da kwali ko an ƙara ƙauye, amma allo yana nan yana nuna tsohon lissafi, ko kuwa taga ɗaya ta gyaru ɗayar ta tsaya.

Saboda haka kafin ka dubi kyan launi ko saurin girkawa, tambayi kowane kayan gina tagogin manhaja, Qt ne ko WPF ko JavaFX: idan reshe ya canza, ta yaya allo zai ji? Kuma reshen da na rubuta yau, zan iya ɗaukarsa zuwa aikin gobe ba tare da na jawo tagar ta biyo shi ba? Canji kuwa iri biyu ne, kuma duk kayan da za mu duba sun raba su. Akwai canjin abin da reshe ke ɗauke da shi, kamar farashi ko suna. Akwai canjin siffar bishiyar kanta, wato an ƙara ɗa, an cire ɗa, ko an mai da shi ƙarƙashin wata uwa. Yawancin kurakuran da na gani daga haɗa waɗannan biyun suke fitowa.

Da Qt zan fara, don shi ya fi ba da zaɓi, shi ya fi kuma rikita sabon shiga. Tun Qt 4 a 2005 aka raba mai riƙe da bayani da mai nuna shi, kuma tsarin yana nan har Qt 6 da ya fito a Disambar 2020. Hanyoyi uku ke gabanka. Mafi sauƙi QTreeWidget ne: ka ƙirƙiri QTreeWidgetItem, ka sa masa rubutu, allo ya gyaru da kansa. Don ƙaramar tagar saituna, wannan ya isa, kada wani ya raina maka shi. Sai dai bayanin yana zaune ne a cikin tagar, an gina shi don taga ɗaya. Ranar da mai kanti ya ce yana son wannan jerin a tagar sayarwa da tagar ƙirga kaya lokaci guda, za ka fara kwafar bayani daga nan zuwa can, kuma kwafi biyu ba sa daɗewa suna faɗin magana ɗaya.

Hanya ta biyu QStandardItemModel ce tare da QTreeView. A nan tagogi da yawa za su iya kallon bishiya ɗaya, kuma da zarar ka kira setData a kan QStandardItem, sanarwa ta tafi ga kowa. Mutane da dama a nan ya kamata su tsaya. Abin da za ka biya shi ne har yanzu kana zuba bayaninka na ainihi cikin rassan Qt, don haka idan farashi ya canza a rumbun bayanai, kai ne za ka nemo reshen ka gyara shi. Kowane gurbi kuma abu ne mai zaman kansa a ƙwaƙwalwar kwamfuta, layi mai ginshiƙi shida rassa shida ke nan. A kan tsofaffin kwamfutocin da ofisoshinmu ke amfani da su, idan layuka suka yi yawa, nauyin yana bayyana.

Ta uku ita ce ka gaji QAbstractItemModel ka rubuta naka. Dole ka cika ayyuka biyar: index, parent, rowCount, columnCount da data. A nan ne ake samun reshen da za a sake amfani da shi da gaske. Ka rubuta shi ya san uwarsa, ya san ƴaƴansa, ya san kuma wanda zai gaya wa idan ya canza, iyakar saninsa ke nan. Kada ya san QTreeView, kada ya san launi. Idan farashi ya sauya, reshe ya kai labari ga mai riƙe da bishiyar, shi kuma ya gano layin da ginshiƙin ya fitar da dataChanged. Kamar sanƙira ne a kasuwa: ya yi shela, bai bi kowa gida ya gyara masa littafi ba, duk wanda abin ya shafa ya gyara nasa.

Canjin siffa ne ke buƙatar natsuwa. Kafin ka ƙara ɗa sai ka kira beginInsertRows, ka ƙara, sannan endInsertRows. Cirewa ma haka, da beginRemoveRows da abokinsa. Jerin nan ba ado ba ne. Kiran farko shi ke ba taga damar ta tanadi abin da ta riƙe, kamar layin da aka zaɓa, kafin ƙasa ta motsa. Wanda ya goge reshe kafin ya yi sanarwa, manhajarsa za ta rufe kanta a gaban mai ita, kuma ba kullum ba, jefi-jefi, abin da ya sa gano dalilin ke cin rai. Akwai masu guje wa wannan ta hanyar kiran beginResetModel a kowane ɗan canji. Yana aiki, amma duk rassan da aka buɗe sai su rufe, zaɓi ya ɓace. Ka tuna ma'aikaciyar da ta buɗe jiha, gunduma, ƙaramar hukuma har ta kai ƙauye, ta gyara lamba ɗaya, komai ya nannaɗe. Sau ɗari a yini wannan zalunci ne.

Qt ya tanadi abubuwan da ke rage wahalar. QAbstractItemModelTester, wanda ya shigo a 5.11, yana kama yawancin saɓa ƙa'ida tun kana gwaji. Ni ba na miƙa aiki sai na haɗa shi. Da canFetchMore da fetchMore ba sai ka ɗebo ƙauyukan jihohin Nijar 8 duka ba, sai wanda aka buɗe. Bincike kuwa QSortFilterProxyModel ke yi, kuma tun 5.10 yana iya barin uwa a bayyane idan ɗanta ya dace da abin da ake nema. Masu Python su kula da abu ɗaya: abin da ka ba createIndex, Qt ba ya riƙe maka shi. In babu wani wurin da ke riƙe da reshen, Python zai share shi, manhaja ta faɗi.

WPF, da ya fito tare da .NET Framework 3.0 a 2006, ya fi kowa sauƙi a daidai wannan batu. Reshenka aji ne na C# kawai. Ya aiwatar da INotifyPropertyChanged don canjin abin da ke ciki, ya ajiye ƴaƴansa a ObservableCollection don canjin siffa, HierarchicalDataTemplate kuma ya faɗi yadda za a zana. Babu lissafin layi, babu kira kafin da bayan. Tarkonsa sananne ne: ObservableCollection yana shelar ƙari da ragi ne kawai, idan sunan ɗa ya canza bai san zancen ba, sai ɗan ya faɗa da bakinsa. Haka jimillar da ke kan uwa, misali kuɗin duk kayan rukuni, ba za ta motsa ba sai uwar ta saurari ƴaƴanta, ta kuma daina sauraron wanda aka cire. TreeView ɗinsa yana ƙirƙirar kowane layi ko da ba a ganinsa, sai ka kunna IsVirtualizing da hannunka. Babban sharaɗin shi ne Windows kaɗai yake yi. Wanda ke son wannan salon a Linux ya dubi Avalonia, mai lasisin MIT.

JavaFX yana da TreeItem, kuma saƙon canji yana hawa daga reshe har saiwa da kansa. Amma idan ka canza wani abu a cikin ƙimar da reshe ke riƙe da ita, ba ƙimar kanta ba, allo ba zai ji ba sai ka ɗaure gurbin da wannan sifar. Buɗewa da rufewa ma a jikin TreeItem suke, don haka tagogi biyu masu saiwa ɗaya tare za su riƙa buɗewa. Tun Java 11 a 2018 ba ya zuwa cikin JDK, wato kunshin Java kansa, sai ka haɗa shi cikin kunshinka. In dama aikinka na Java ne, ya yi. Ba zan koyi Java saboda shi ba. A GTK kuwa, wani kayan gina tagogin daban, GtkTreeView an ayyana shi tsohon yayi tun 4.10, sabon aiki ya bi GtkTreeListModel.

Maganar kuɗi da lasisi a yi ta tun kafin a rubuta layin farko. Ana samun Qt ƙarƙashin LGPL ko lasisin kasuwanci, PySide6, wato Qt na masu Python, shi ma LGPL ne, lasisin da ba ya tilasta maka ba da rubutun manhajarka. PyQt kuwa, ɗayan Qt na Python, GPL ne, wanda ke tilasta ba da rubutun, ko ka sayi lasisi daga Riverbank Computing. Wanda zai sayar wa ɗan kasuwar Katako ko Wadata manhaja ba tare da ya ba da rubutun cikinta ba, wannan bambancin ya shafe shi kai tsaye.

Ga inda na tsaya. Idan duk kwamfutocin wurin Windows ne kuma ka iya C#, ɗauki WPF, za ka gama da wuri kuma rassanka za su fito da tsabta. Idan akwai Linux a cikinsu, ko Python ne hannunka, ɗauki PySide6: QStandardItemModel ga bishiya ƙarama wadda ba ta yawan motsi, naka na QAbstractItemModel idan bayanin yana zaune a rumbu ko tagogi fiye da ɗaya za su kalle shi. Ko wanne ka ɗauka, dole sanarwar canji ta fito daga zaren (thread, wato layin aiki a cikin manhaja) da ke zana allo. Idan bayani yana shigowa ta intanet a wani zare, miƙa shi ta Dispatcher a WPF, ta Platform.runLater a JavaFX, ta sigina mai jiran layi a Qt.

Kafin ka sa hannu a kwangila, ɗan'uwa, yi wannan gwajin a kan kwamfutar mai aikin, ba taka ba. Buɗe tagogi biyu a kan bishiya ɗaya, zuba mata layuka kwatankwacin abin da zai tara cikin shekara biyu, zaɓi reshe a tagar farko, sannan ka goge uwarsa daga ta biyu.