Aikin sa-kai na mishan: zuwan mako biyu ko zaman shekara biyu?

Asibitin Galmi da ke jihar Tawa a Nijar, wanda ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a 1950, yana karɓar masu gajeren zuwa da masu dogon zama daga ƙasashen waje.

Mai zuwan mako biyu ya fi amfani idan ƙwararre ne, kamar likitan fiɗa ko na ido da zai karɓi wanda ya tafi hutu. Shirinsa kaɗan ne: biza, katin rigakafin shawara, maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro. Matsalar tana bayan tafiyarsa. Ɗinki yakan kai kwana 7 zuwa 14 kafin a cire, kuma a tsakanin nan ne ciwo ke ruɓewa, ga wanda ya yi aikin ya riga ya hau jirgi. Sai kayan kyauta: na'urar Amurka mai aiki da lantarki volt 110 ta ƙone a layin volt 220, ko ta lalace babu kayan gyara. Ga tafinta da ake janyowa daga bakin aikinsa saboda baƙo ɗaya.

Mai zaman shekara biyu kuwa, watanninsa na farko koyon Hausa da Faransanci ne, kuɗinsa kuma daga coci-coci da masu tallafi yake fitowa duk wata. Amma yakan ga daminar da yara ke cika ɗaki da zazzaɓi, ya san gaisuwa kafin tambayar ciwo, ya koyar da ma'aikatan gida. Gajiya da kewa ne ke kayar da shi, musamman a zafin Afrilu.