Ajans ɗin da ta sayar mamu da "sati biyu"

Tun watan jiya nike son rubuta wannan abu amma na ce bari zuciya ta huce tukuna kar in zalunci mutane. Ba zan faɗi sunan ajans ɗin ba. Mutanen Yamai dai kun san irinsu, ɗan ƙaramin buro ne bakin gudro ba nisa da Babbar kasuwa, jikin gilashi an manna hoton jirgi da na Ka'aba, ciki kilim na aiki har sai ka manta da ranar waje. Shekara huɗu ina sayen biye wurinsu, su sunka yi ma Innarmu Umra kuma ba mu ga wani abin ƙi ba, shi ya sa da maganar Auta ta taso ban ma yi shawara da kowa ba na ja mota sai can.

Auta ƙanwata ce, tana karatu a Kebek, cikin ƙasar Kanada. Ƙanenmu zai yi aure a Tawa cikin hutu, Inna ta ce ita fa ba a ɗaura wannan aure ba Autarta, shekara uku ba ta gan ta ba sai a waya. To. Yarinya ta duba fasfo ashe bizar da ke ciki ta mutu tun da daɗewa ba ta lura ba, don ita a tunaninta tunda ta sabunta parmin karatu da takardar amincewar Kebek ɗin nan ta CAQ ai shikenan komi ya yi. Ashe ba haka ba ne, kuma ni kaina sai a wannan tahiyar na gane. Parmi daban biza daban. Parmi shi ke ba ka izinin zama da karatu cikin ƙasar, biza ita ce tambarin da ke manne cikin fasfo wanda da shi kake shiga, kuma in ka sabunta parmi kana cikin Kanada ba a haɗo maka da sabuwar biza, sai ka sake nema ka sake biya. A ƙasan takardar parmin ma an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba ta ba ka damar sake shiga ƙasar ba, amma wa ke karanta ƙasan takarda. Fita ba wanda zai hana ka, komawar ce matsala, tun a filin jirgin Diori Hamani kamfanin jirgi ba zai bari ka hau ba in babu biza mai rai. Wanda ya je Amurka kaɗai ya dawo da parminshi mai rai shi anka yi ma rangwame, mu kuwa Tawa za mu ba Amurka ba.

Abin mamaki sunan bizar wai ta baƙo ce, ta ziyara, ga mutun shekara uku cikin gari yana biyan haya yana shan sanyi amma a takarda baƙo ne. Haka tsarinsu yake.

Na zauna gaban mai ajans na zayyana mashi komi. Dattijo ne mai fara'a, Alhaji muke ce mashi, ya sa anka kawo man ruwan sanyi, ya kira yaron da ke kan kwamfuta ya ce buɗe mamu sit ɗin Kanada. Yaro ya buɗe shafin hukumar shige da ficensu, IRCC, inda suke nuna tsawon jira, ya zaɓi wanda ke nema daga cikin ƙasar, lamba ta fito kwana goma sha wani abu. Alhaji ya juyo da fuskar kwamfutar wajena ya ce "Malam ka gani da idonka, ba ni na ce ba, sati biyu ne. Na cikin gida ba kamar namu na nan ba ne da dosiye ke zuwa Dakar ya kwana." Kuma a nan bai yi ƙarya ba, wanda ke ciki da parmi a hannu jiranshi bai kai na wanda ke nema daga nan ba. Sai ya ƙara da cewa kujeru na ƙarewa, lokacin hutu ne, tunda Air France ta daina zuwa Yamai a 2023 kowa ta Kazabalanka ko Istambul yake bi, in na jira biza ta fito kuɗɗin biye zai hau. Saura kwana 33 ranar da muke son ta taso. Na yi lissahi a kaina, 33 ka cire 14 ai har da canji. Na biya biye jika ɗari tara da wani abu, mahi arha, wanda ba a maida kuɗɗi.

Sannan ya kawo maganar da ita ce ta sa nike wannan rubutu. Ya ce suna da wani aiki da suke kira bin dosiye, jika 75, su za su cika ma yarinya takardu su riƙa bibiya har biza ta fito. Na ce Alhaji yarinyar nan fa ƴar jami'a ce, ya ce "Malam karatu daban sanin hanya daban." Na biya. Resu na nan wurina har yau.

Bari in faɗi abin da jika 75 ɗin nan ta saya. Yaron kwamfuta ya kira Auta a WhatsApp sau biyu, ya karanta mata jerin takardun da ke rubuce a sit ɗin: fom ɗin IMM 5257, hoton fasfo, parmin karatu, takardar makaranta mai nuna tana kan karatu, shaidar kuɗɗi a banki. Ita ta buɗe kont ɗinta, ita ta cika, ita ta biya dalar Kanada 100 da katinta, wajen jika 40 da ɗoriya kenan a kuɗɗinmu, kuma ko an ba ka ko an hana ka ba a maidawa. Da yaron ya ce ta ƙara dala 85 na ɗaukan yatsu ita ce ma ta gyara mashi ta ce a'a, yatsun da ta bada lokacin bizar farko suna aiki har shekara 10. Daga nan bibiyar ta koma ni in kira Alhaji, Alhaji ya ce ma yaro, yaro ya tura ma Auta saƙo "tanti akwai labari?", Auta ta duba kont ta ce babu, labari ya biyo hanyar da ya tahi ya dawo wurina. Alhali ni da Auta kullum sai mun yi waya. Na biya kuɗɗi a riƙa tambayar ƙanwata abin da zan iya tambayarta kyauta.

Daga baya wani abokin aikina da ɗanshi ke Monreyal ya ce man a dokar Kanada ma ba kowa ke da izinin karɓar kuɗɗi ya wakilce ka kan biza ba, sai lauya ko notar na Kebek ko mai ba da shawara da ke da rajista a hukumarsu, kuma akwai takardar da ake cikawa a sa sunanshi. Ajans ɗin Yamai ba ta da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a Otawa. Ko ita mai dosiyen abin da ke hannunta shi ne ta aika saƙo ta fom ɗin intanet ta jira.

Sati biyu sunka cika shiru. Sati uku shiru. Na koma buro, yaro ya sake buɗe shafin, lambar ta canza ta hau. Na ce mi ya faru, Alhaji ya ce ai duk sati suke canza ta. To Alhaji da ka san haka mi ya hana ka faɗa man ranar da nike ƙirga kuɗɗi? A nan na zauna na karanta bayanin da ke ƙasan lambar da kaina da faransancina na lakkol, kuma wallahi ba su ɓoye komi ba. Lambar ba alkawali ba ce, lissahin baya ne, tsawon lokacin da ya ɗauke su kafin su gama kashi 80 cikin ɗari na dosiyen da sunka wuce. Kenan cikin mutun biyat ɗaya zai wuce wannan lokaci kuma ba wanda zai ce maka ba kai ba ne. Kuma su da kansu sun rubuta cewa wanda ke ciki ya nema aƙalla wata biyu kafin ranar tahiyarshi. Wata biyu! Yana nan a shafin da anka juyo man da shi, ni ban karanta ba don na yarda da Alhaji, Alhaji bai karanta ba don lambar kaɗai yake buƙata.

Kwana na 26 da asuba Auta ta kira tana ihu an amince. Inna ta yi guɗa har maƙwabta sunka leƙo. Ni ma na aika ma Alhaji saƙon godiya, ya maido man da "ba na faɗa maka ba". Saura sati guda jirgi.

Ashe nan ne wasan ya fara. Amincewa a kwamfuta ba biza ba ce, wasiƙa ce ke cewa aiko da fasfo, suna ba ka kwana 30 ka aika. Ba wai ka ɗauki fasfo ka je wani gishe a buga maka ka dawo ba, a ambulan ake sa shi a aika ofishinsu na Otawa ta gidan waya, ka haɗa da wata ambulan ɗin da ka riga ka biya wadda za su maido maka da shi ciki. Zuwa, jira a layi a manna, dawowa, duk wannan ba ya cikin lambar da ke shafi. Kuma fa wanda ya faɗa irin lokacin da ma'aikatan gidan wayarsu sunka yi yajin aiki daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba 2024 sai ya nemi wata hanyar aikawa, mu dai Allah ya tsare mu da wannan. Amma ka duba halin da yarinya ta shiga: in ta riƙe fasfo ta hau jirgi ta zo biki ba ta da bizar komawa kuma makaranta na buɗewa ƙarshen Agusta, in ta aika fasfo ba ta da abin hawa jirgi. Ta kira ni tana kuka ta ce "Yaya mi zan yi?" Na kira Alhaji, shi da ya karɓi kuɗɗin sanin hanya, ya yi shiru ya ce wai shi ya ɗauka ta imel ake turo bizar kamar ta Dubai.

Nan na gane komi. Mutumin nan ba macuci ba ne, bai sani ba ne kawai, kuma bai iya cewa ban sani ba. Dubai ya sani, Saudiya ya sani, Kanada daga cikin Kanada bai taɓa yi ba sai a kanmu.

Munka ce ta aika, karatu ya hi biki. Ta aika ranar, tana bin lambar ambulan a waya kamar mai jiran sakamakon bak. Ranar jirgi ta zo fasfo na Otawa. A nan kam zan yaba ma ajans, don kafin lokacin tashi ya wuce Alhaji da kanshi ya zauna kan waya har bayan isha'i ya ɗaga biyen, ya samo mata kujera ta gaba cikin lokacin da jirage ke cike maƙil, in da a intanet na saya da kaina na tabbata da kuɗɗin sun tahi gaba ɗaya. Penalite da bambancin farashi sun ci jika 180, ban ji daɗi ba amma wannan sharaɗin biyen da na zaɓa ne da idona buɗe. Aikin biye sun iya shi, ba zan hana masu wannan ba.

Fasfo ya dawo hannunta kwana 13 bayan ta aika, kwana 39 kenan daga ranar da ta cika fom. Kuma in ka duba ba wani jinkiri na fitar hankali ba ne, yana cikin wata biyun da masu abin sunka ce. Mu munka sa ma kanmu igiya. Bizar ma mai shiga da yawa sunka ba ta har ƙarshen parminta, amma kar wani ya ɗauka dole ne, tun ƙarshen 2024 sun bar ma jami'in da ke duba dosiye ya zaɓi irin wadda zai bayar da tsawonta.

An ɗaura aure ƙarhe takwas na sahe a Tawa, a Kebek ƙarhe uku na dare ne, ɗan ƙanen babanmu ya riƙe waya sama cikin taron maza tana kallo daga ɗakinta, rezo na yankewa ana fatiha. Inna ba ta ce man komi ba ranar, kuma da ta yi faɗa da ya hi man sauƙi.

Da ƙura ta lafa na koma buro na ce Alhaji maganar jika 75 fa. Ban je da faɗa ba. Ya ce "Malam ai biza ta fito." Na ce ta fito amma ba da hannunku ba. Munka ja kaɗan, a ƙarshe ya ce kuɗɗi sun shiga kes ba su fita, amma zai rage man jika 25 a biye na gaba. Na ce to. Na roƙe shi abu guda, in wani uba ya zo da irin wannan magana ya ce mashi ya jira fasfo ya dawo hannun yaro tukuna kafin ya sayi biye, ko ya sayi wanda ake canza ma rana ko da ya ɗan hi tsada. Ya ce in sha Allahu.

In maki zan ba su, wajen biye huɗu cikin biyat, karɓar baƙi ma haka, wurin tsaf yake kuma ba su ɓata maka lokaci. Wajen bin dosiye ba maki ko ɗaya. Mai ɗa ko ƙane a can ya tura mashi dala 100 ɗin kai tsaye ya ce ya duba ranar mutuwar bizarshi yau, ba ta parmi ba, ta cikin fasfo.

Auta ta sauka Yamai kwana tara bayan biki, washegari munka hau kar ta Doso da Dogondutsi da Ƙonni har Tawa. Inna ta aje mata ankonta a ɗinke cikin leda, ta sa ta saka, ta aika anka kira amarya da ango da mai hoto sunka sake tsayuwa ƙofar gida. Makon jiya na bi ta gaban ajans ɗin, sun ƙara sabuwar takarda jikin gilashi ƙarƙashin hoton jirgi, an rubuta bizar Kanada da jan alƙalami.