Technicolor da Eastmancolor, wanne ya fi cin haske?

Ɗan uwa da kake tambaya wai me yasa aka watsar da Technicolor aka koma Eastmancolor, wato hanyoyi biyu na ɗaukar fim mai kala, bayan kalar na farkon ta fi kyau, ai rigimar ba a kyau take ba, a haske take da kuɗi.

Ka fara riƙe lambar ASA, ita ke nuna saurin da zaren fim ke kama haske, duk sanda ta ninka to hasken da ake buƙata ya ragu da rabi.

Technicolor mai zare uku ta fito a 1932. Kyamararta zare uku na baƙi da fari take ja lokaci ɗaya, a ciki akwai wani gilashi da ke raba hasken gida biyu, kore ya tafi zare ɗaya, shuɗi da ja su tafi sauran biyun da ke haɗe. To hasken da aka raba kuma aka tace me zai rage? ASA wajen 5 fa. Shi yasa ake jibga manyan fitilu kamar ba gobe, lokacin ɗaukar The Wizard of Oz na 1939 zafin cikin sutudiyo har wuce digiri 38 yake, ga wanda ya fito a zaki yana cikin rigar fatar zaki ta gaske, wallahi ko tunawa na yi sai na ji zufa. Kyamarar ma ƙatuwa ce kuma ba a sayarwa, haya za ka ɗauka ta zo maka da ma'aikatan kamfanin.

Shi kuwa Eastmancolor na Kodak da ya zo a 1950 zare ɗaya ne tal, kalolin uku an jera su hawa-hawa a jikinsa, kowace kyamara za ka saka shi. Ya fara da ASA 16, a 1959 ya kai 50, a 1968 ya kai 100, kuma da wannan ɗin ne darakta Stanley Kubrick ya ɗauki wasu wurare a fim ɗinsa Barry Lyndon da hasken kyandir, duk da dai sai da ya nemo lens, wato gilashin kyamara, na kamfanin Zeiss da aka ƙera wa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Kamfanin Fuji ya kawo zare mai ASA 250 a 1980, yau zaren Vision3 na Kodak yana kai 500, ninki ɗari kenan akan Technicolor. Ai kafin nan ma an gama, tun wajen 1955 aka ajiye kyamarar zare uku.

Amma inda zan ba ka gaskiya shi ne ɗorewa. Kwafin Technicolor rini ake buga masa kala bayan kala kamar a maɗaba'a, baya saurin koɗewa. Kwafin Eastman na wancan zamanin kuwa shuɗi-shuɗin da rawayan ne ke fara gudu, in ka ga tsohon fim ya rine ya koma ja-ja har sararin sama, yawanci shi ne.