Injin Ɗaure Dila: Yadda Mai Saye a Kebbi Zai Auna Tarihin Kamfani Kafin Ya Biya Kuɗi

Duk wanda ya ratsa fadamun Argungu, Suru ko Bunza bayan girbin shinkafa ya ga yadda bambaro yake taruwa tsibi-tsibi, wani har a cinna masa wuta domin a share gona, alhali kuwa da bazara makiyaya suna neman irinsa ido rufe. Abin da ya hana shi zama haja mai tafiya nesa shi ne yawan cin wuri ba tare da nauyi ba, domin babbar mota za ta cika fal tun ba ta ɗauki nauyin da zai biya kuɗin man da za ta sha ba. Haka matsalar take ga masu sana'ar jari-bola da suke tara kwali da robobin ruwa. Injin da yake matse irin waɗannan kaya ya ɗaure su dila-dila shi ne maganin wannan, sai dai kuɗinsa ba ƙarami ba ne, kuma dillalansa sun saba fara tallarsu da tarihin kamfanin da ya ƙera shi.

Wannan tarihin ba abin rainawa ba ne. Kamfanin Claas na Jamus, wanda aka kafa a 1913, ya yi rajistar mallakar na'urarsa ta ƙulla igiya a 1921. New Holland, wanda ya faro a jihar Fensilbaniya ta Amurka a 1895, ya fara sayar da injin da yake kwasar ciyawa ya ɗaure ta da kansa a 1940, kamfanin Vermeer kuma ya fito da injin manyan dila masu zagaye a 1971. Amfanin daɗewa irin wannan yana bayyana ne a ƙananan wurare, musamman a na'urar ƙulli, inda wata 'yar ƙugiya mai kama da bakin tsuntsu take kama igiya, ta juya, ta ƙulla, wuƙa ta yanke, duk cikin ƙiftawar ido. Da zarar ƙugiyar ta ɗan cinye, dila za ta riƙa fitowa tana warwarewa a ƙasa, ma'aikata su koma tattara abin da aka riga aka tattara. Kamfanin da ya shafe shekaru masu yawa yana gyara wannan wuri guda ya cancanci a saurare shi.

Sai dai suna yana sauya hannu. New Holland ɗin nan ya koma hannun Ford a 1986, daga baya Fiat ta saye shi a 1991, yau kuma yana ƙarƙashin wani babban kamfanin ƙera injunan noma mai suna CNH. Saboda haka shekarar da aka rubuta a jikin takardar talla ba ta isa hujja ba. Abin da ya kamata mai saye ya bincika shi ne wane ne yake wakiltar kamfanin a Najeriya a yau, a wane gari yake ajiye kayan gyara, kuma kwana nawa makanikensa zai yi kafin ya iso Birnin Kebbi idan injin ya tsaya ana tsakiyar aiki.

Kafin zancen kamfani ma, wajibi ne mutum ya san irin injin da aikinsa yake bukata. Na gona tarakta ce take jan sa tana juya shi, kuma a ganina mai fitar da ƙananan dila masu kusurwa huɗu, waɗanda ba kasafai suke wuce kilo 25 ba, shi ya fi dacewa da mu, domin mutum ɗaya zai ɗauka ya ɗora a amalanke, makiyayi kuma zai iya sayen biyu ko uku. Manyan dila masu zagaye sai da wata na'urar ɗagawa, ga shi gonakinmu ƙanana ne masu yawan kunya. Tun da yawancin manomanmu a wuri guda suke bugun shinkafa, injin da za a girke kusa da tsibin bambaro a riƙa zuba masa da hannu zai iya fin wanda yake bin gona amfani. Kada a ɗaure bambaro da danshi, domin yana yin fumfuna, wani lokaci ma ya yi zafi daga ciki har ya kama wuta.

Na sito kuwa, wato na kwali, roba da auduga, da ƙarfin mai yake matsewa, kuma akwai na tsaye da na kwance. Na tsaye ya fi araha, bai cin wuri, amma da hannu ake cika shi, da hannu ake zura waya a ɗaure. Na kwance na mai tara kaya tan-tan ne a kullum. Manyan cikinsu wutar lantarki mai layi uku suke bukata, don haka kuɗin janareta yana cikin lissafi tun farko. Zafin Maris zuwa Mayu, da yakan haura digiri 40 a nan, yana tsinka man injin ya sa robobin toshiya su fara yoyo, shi ya sa nake ganin na'urar sanyaya mai ba ado ba ce a Kebbi.

Sabon inji na tsohon kamfanin Turai ko Amurka shi ne mafi tsada, kuma canjin dala yana ƙara masa nauyi har a kayan gyara. Na hannu daga irin waɗannan kamfanoni yakan yi kyau matuƙar ba a daina ƙera kayan gyaran samfurinsa ba, wanda lambar da ke jikinsa za ta tabbatar. Na Sin da Indiya sun bambanta ƙwarai da juna, akwai nagari akwai na banza, kuma nagarin shi ne wanda famfonsa da bawul ɗinsa irin waɗanda ake samu a kasuwannin Kano ne. Maƙeranmu na gida, irin na Panteka a Kaduna, suna haɗa na tsaye, kuma ga mai fara sana'ar kwali da ƙaramin jari ina fifita su, muddin ya duba kaurin ƙarfen da ingancin waldar, domin wanda ya ƙera injin yana kusa idan ya lalace.

Ɗabi'un da kamfani yake iƙirari ana iya gwada su kafin a biya. A buɗe ƙofar injin yana aiki a ga ko farantin matsewa zai tsaya nan take, domin wannan kariyar ce take tsakanin ma'aikaci da rasa hannunsa, kuma duk wanda ya cire ta don rage farashi bai cancanci kuɗin kowa ba. A nemi littafin da yake ɗauke da lambar kowane ƙarfe. Sannan mai saye ya kai nasa bambaron ko kwalin a matse a gabansa, a ɗora dilar a sikeli, a rubuta nauyinta da tsawon garanti a takardar ciniki, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin har sai an kafa injin a wurinsa ya fitar da dila mai wannan nauyin.