Wuyan roba da muka saya don karatun anatomi

Mu uku muka haɗa kuɗi muka sayi wannan wuyan roba da ake ɓallewa kashi-kashi, daga wani shagon kayan asibiti, saboda jarrabawar kai da wuya ta matso kuma gawar da ke lab ɗinmu fomalin, maganin hana gawa ruɓewa, ya riga ya mayar da komai kala ɗaya, ba ka gane jijiyar jini balle ta laka.

Gaskiya ya taimaka. Kana cire babbar tsokar nan da ta taso daga bayan kunne ta sauko ƙirji sai ga karotid mai kai jini kai ja, jagula mai dawo da jini daga kai shuɗiya a gefenta ta waje, jijiyar laka ta bagas kuma rawaya ta laɓe a bayansu a tsakani, abin da na yi wata biyu ina haddacewa a littafi bai zauna ba sai da na sa yatsa na taɓa. Inda karotid ta rabu biyu ma daidai suka sa shi, saitin saman guringuntsin maƙogwaro, wajen C4, wato ƙashin wuya na huɗu. Wurin da ya fi burge ni shi ne tsokokin sikelin da ke gefen wuya, jijiyar firenik kwance a kan tsokar gaba tana gangarawa ƙirji, ita ce daga C3 zuwa C5 mai motsa tantanin numfashi, sannan jijiyoyin hannu na C5 zuwa T1 (matakin ƙashin baya na farko a ƙasan wuya) suna leƙowa tsakanin tsokar gaba da ta tsakiya. Wallahi ranar har ƙarfe 2 na dare muna cirewa muna mayarwa.

Amma abu ɗaya ya ɓata min rai sosai. Jijiyar murya mai juyowa, wadda ta hagu ke zagaya ƙarƙashin bakan awota, babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciya, ta dama kuma ƙarƙashin sabkilebiyan mai kai jini hannu, fenti kawai suka ja mata, ba a ga inda ta juyo ba. Kuma ita ce fa likita ke kaffa-kaffa da ita a tiyatar maƙoƙo, in aka taɓa ta murya ta dishe, goggona an yi mata wannan aikin shi ya sa nake jin abin har raina. Ƙusoshin da ke riƙe tsokokin ma ba ƙwari, ɗaya ta karye tun satin farko, da salatif muka ɗaure.

In za ku saya ku haɗa kuɗi don da tsada, kuma ku sa mai shago ya buɗe kwalin ku duba jijiyar muryar nan kafin ku biya.