Katifar iskar da na saya wa Mama, bayan wata takwas

Wata takwas ke nan Mama tana kwance. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kama ɓangarenta na dama, ko juyawa ba ta iya yi sai an juya ta. Ranar da za a sallame mu daga asibiti wata nas ta ja ni gefe, ta ce abin da zan fi kiyayewa yanzu shi ne gyambon kwanciya. Idan nauyin jiki ya daɗe a wuri ɗaya, jini ba ya isa fatar da ke kan ƙashi, sai naman wurin ya fara mutuwa. Ita ta ba ni shawarar katifar iska, a satin na sayo.

Ta roba ce, mai ƙulli-ƙulli, a kan katifar gado ake shimfiɗa ta. Tsawonta kusan mita 2, faɗinta santimita 90, ƙullin iskar wajen 130. Tana zuwa da ɗan inji da ake ratayewa a ƙarshen gado, da tiyo biyu. Rabin ƙullin ya cika, rabi ya sace, bayan kamar minti 6 su yi musanya, don haka babu inda nauyi ke daɗewa. A jikin injin akwai abin murɗawa na ƙara tauri ko rage shi. Nas ɗin ta koya mini gwaji: in zura tafin hannu ƙarƙashin katifar daidai mazaunin Mama, idan na ji ƙashinta ya sauka a hannuna, iskar ta yi kaɗan.

Katifar ta yi mini aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Bayan Mama da kafaɗunta da ƙugunta, har yau ko ƙwarzane babu, alhamdulillahi. Daren farko dai ta ƙi ta. Ta ce, “Cire mini wannan abu, ji nake kamar ana taɓa ni.” Na ce, “Yi haƙuri Mama, kwana uku kawai ki gwada.” Gurnanin injin ma ya hana ta barci, sai da na sa tawul tsakaninsa da ƙarfen gadon ya lafa. Kafin sati ta saba.

A wata na uku na yi kuskuren da har yanzu yake ci mini rai. An ce in riƙa juya ta duk bayan awa 2. Gajiya ta taru mini, ga aiki da safe, ga kuma katifa tana ta motsi, sai na fara barin ta awa 5 da dare. Wata safiya ina goge mata ƙafa na ga duddugenta na dama ya yi duhu, faɗin kan babban yatsa, wurin da ɗumi. Na danna, launin bai sauya ba. Ƙafar da ba ta ji ce, shi ya sa ko uffan ba ta ce ba. Da nas ta duba ta ce matakin farko ne cikin matakai 4 na gyambon, fatar ba ta fashe ba tukuna. Ta hana ni murza wurin. Ta sa filo a tsaye ƙarƙashin ƙwaurinta, dudduge ya zama a sama bai taɓa komai ba, ta kuma nuna mini yadda ake kishingiɗa ta a gefe kamar digiri 30, da filo a bayanta, maimakon a ɗora ta kai tsaye kan ƙashin ƙugu. Kwana 10 kafin wurin ya koma daidai. Takardar da ke cikin kwalin ba ta ce komai a kan dudduge ba, ba ta kuma gargaɗi mai saye ya ci gaba da juya marar lafiya ba. Wannan gazawa ce babba, don mai jinyar da ya gaji zai ɗauka katifar ta ɗauke masa juyin.

Robar tana sa gumi. Zanin gado na auduga guda ɗaya marar kauri nake shimfiɗawa, don idan aka jibga bargo da leda a kai amfanin ƙullin ya tafi. Idan wuta ta ɗauke iskar tana sacewa a hankali, don haka dole katifar ƙasa ta zama mai kyau. Tiyon kuma yana saurin zarewa. Sau biyu na tarar da rabin katifar a sace don an ja gado wajen shara. Ta taɓa hujewa sau ɗaya, facin da ke cikin kwalin ya riƙe.

Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke kwance kuma fata ba ta fashe ba, ina ba shi shawarar ya saya tun da wuri. Idan gyambo ya riga ya buɗe, a fara kai wa likita ya gani, don wannan siririyar ba lallai ta wadatar ba, akwai masu manyan bututun iska da aka yi don haka. Ni da ƙanwata yanzu mun raba dare, takardar juyi tana manne a bango kusa da gadon: ƙarfe 12 da 2 nawa ne, 4 da 6 nata.